Rage jijjigar tsohuwar motar iyali

Ba kowace motar Kwatano mai jijjiga fasinja ce ke buƙatar sabon shokozoba ba, domin sau da yawa laifin na taya ne. Masu faci kan cika iska fiye da kima, alhali adadin da kamfani ya ƙayyade yana rubuce a gefen ƙofar direba. Ana auna iskar ne kafin taya ta yi zafi.

Shekarun taya ma abin dubawa ne. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ke nuna lokacin da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Robar da ta tsufa kan bushe ta yi tauri, ko da zanenta bai cinye ba.

Idan kuwa shokozoba na yoyon mai, a sauya na hagu da na dama tare.