2.4 Miƙaƙƙen Layi da Tarihin Shata Iyakar Illo

Kamar yadda ake koya wa ɗalibi a sakandare, miƙaƙƙen layi a kan takardar zane abu biyu yake bukata. Na farko shi ne gurbin da ya yanke sandar tsaye, na biyu kuwa karkatarsa, wato yawan hawa ko gangarar da yake yi a kowane taku. Wannan shi ne ma'anar y = mx + c, inda c take nuna mayanka, m kuma take nuna karkata. Shi ilmin aljabara ya samo sunansa ne daga littafin Alkhawarizmi na Bagadaza a ƙarni na 9, amma haɗa shi da zane sai a 1637, a aikin Bafaranshen nan Descartes.

Abin da ya sa aka kawo wannan bayani a nan shi ne, da irin wannan tunani Turawa suka raba ƙasar da Ƙaramar Hukumar Bagudo take ciki a yau. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi, a bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa, a bakin tafkin Chadi. Ɗigo biyu sun isa a ja layi a takarda, amma ba su isa a san inda mulkin Sakkwato ya tsaya ba, kuma layin bai ce komai a kan ƙasar Borgu da ke yammacin kogin ba. Saboda haka aka shiga tsere. Lugga ya riga Faransawa isa Nikki a 1894, su kuma suka mamaye Busa a 1897, har aka kusa gwabzawa.

Yarjejeniyar Faris ta 14 ga Yuni, 1898 ita ce ta kashe wutar. Idan aka lura da yadda aka tsara ta, za a ga mayankar aka fi kula da ita. An ce iyaka za ta taɓa kogin Kwara a wani gurbi mai nisan mil 10, kimanin kilomita 16, sama da tsakiyar garin Giri, mashigin jiragen ruwan Illo, kuma awon a miƙe za a yi shi, ba bin lanƙwasar kogi ba. Karkatar layin daga kudu kuwa aka bar wa taswira. A ganin mai wannan nazari, nan ne aikin ya yi rauni, domin kuskure kaɗan a karkata, idan layi ya yi nisa, sai ya zama gonaki da ƙauyuka. Sai da aka sake zama a 1906 kafin a daidaita iyakar daki-daki.

Sakamakon haka Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, Nikki ta tafi Dahome, wadda ta koma Benin a 1975. Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani, masu auratayya da cin kasuwa ɗaya, suka wayi gari a ƙasashe biyu. Mutumin Lolo da ɗan'uwansa na Madekali ba su daina zumunci ba, sai dai lokacin da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019, sun ji nauyin layin a farashin shinkafa da man fetur.