Limawa: Yadda Hanya Ta Zo, Gona Ta Koma Fuloti

Yaron da aka haifa a Limawa bayan shekarar 2000 ya buɗe ido ya ga unguwarsu a cikin babban birnin jiha, ga kwalta, ga Adaidaita Sahu na kai da kawowa. Kakansa kuwa ba haka ya san wurin ba. A zamaninsa Dutse ba dunƙulallen gari ba ne. Garu na can tsakanin duwatsu inda fada take, Limawa na gefe, Fagoji da Zai da Kachi kowace na zaman kanta, abin da ke tsakaninsu gonakin gero da dawa ne, da itatuwan dabino, da 'yar siririyar hanyar da ƙafa da kofaton jaki suka fitar.

Ba don garin sabo ba ne. Tarihin Kano ya ambaci yaƙin da Sarki Kumbari ya kai wa Dutse a ƙarni na 18, kuma bayan jihadi wasu jagorori biyu, Salihi da Musa, suka karɓi ragamar garin, ya zauna ƙarƙashin Sarkin Kano. Nisan ma ba wani mai yawa ba ne, kimanin kilomita 100 daga Kano. Abin da ya mayar da Dutse lungu shi ne duk hanyar da aka shimfiɗa sai ta kauce mata. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Da aka ja layin zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, sai ya bi ta Ringim da Malam Madori, garuruwan da ke bakin dogo suka samu kanti da sikelin gyaɗa da baƙi. Manomin Limawa kuwa sai ya ɗora buhunsa a kan jaki ya nemi inda mai saye yake. Da motoci suka zo ma haka aka yi: hanya ɗaya ta bi ta Kwanar Huguma ta nufi Birnin Kudu, ɗaya ta bi ta Gaya da Shuwarin da Kiyawa ta nufi Azare, Dutse tana tsakiya. Shi ya sa kasuwar Shuwarin, wadda ke bakin titi, ta zama inda dabinon wannan yanki yake haɗuwa da kuɗi.

A irin wannan zama, tafiya al'amari ne babba. Mai zuwa Kano sai ya yi sallama da dangi. Samari na fita cirani bayan kaka, almajirai su yi gabas, su dawo da faɗuwar ruwan farko. Mai niyyar Makka a zamanin kakanni ta ƙasa yake bi, ta Barno da Chadi da Sudan, yana tafe yana ƙwadago, wani ya yi shekaru, wani ya zauna can har abada.

Dukiyar mutum kuma ƙasa ce, amma ba ƙasar da ake yi wa farashi kullum ba. Akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare a ci daga rumbu ɗaya. Akwai gayauna, 'yar gonar da ake yanka wa saurayi ko mace su yi na kansu. Gona na shiga hannun mutum ta gado, ko aro, ko jingina idan buƙata ta taso, a fanshe ta in an samu hali. Ana sayarwa, amma ba a so, kuma wanda ya sayar da gonar ubansa ba ya son a tayar da zancen a gabansa. Shaidar mallaka ita ce mai unguwa, da dagaci, da maƙwabtan iyaka, da gamba ko itacen da aka dasa a kan iyakar. Dabino kuwa lissafinsa daban: ana iya raba gado wani ya samu gona, wani ya samu itacen da ke cikinta, kowa ya san nasa. Ni dai ina ganin wannan tsari, duk da rigingimun gadon da ba a rasa ba, yana da wani alheri da muka yi sakaci da shi: da wuya a wayi gari a ga gida ba shi da ko taki ɗaya na shuka.

A takarda, Turawa sun riga sun sauya maganar tun 1910, da dokar da ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta maimaita hakan ga Nijeriya baki ɗaya. Manomin Limawa bai ji a jikinsa ba, domin babu mai neman gonarsa. Ko da Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar sarautar Dutse a 1981, Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya soke a 1983, rayuwar gona ba ta motsa ba.

Ranar 27 ga Agusta, 1991 ce ta motsa ta. Janar Ibrahim Babangida ya yanke Jigawa daga Kano, ya ce Dutse ce hedikwata. Ma'aikata suka kwararo garin da ba shi da ɗakunan da zai sauke su. Aka yi ofis a duk ginin da ya samu, wanda ke da shago ko zaure ya ba da haya. Da yawa daga cikin ma'aikatan ma iyalansu na Kano, ranar Juma'a gari ya yi tsit, Litinin a dawo. Ci gaban garin ya yi sanyi a zamanin Gwamna Saminu Turaki, wanda ya rarraba ma'aikatu zuwa sauran masarautu. Da Sule Lamido ya hau a 2007 ya dawo da su Dutse, ya gina sakatariya da tituna da gidaje, daga nan ne farashin ƙasa ya tashi bai sake sauka ba. Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, ɗalibai da malamai na neman wurin kwana. A 2014 aka buɗe filin jirgin sama, alhazan Jigawa suka fara tashi daga gida. Jikan wanda ya taka zuwa Sudan yau cikin sa'o'i kaɗan yake sauka a ƙasa mai tsarki. Wannan ci gaba ne na gaske, ba na raina shi.

Amma a tambayi gonar. Sababbin kalmomi suka shigo bakin mutane: fuloti, awon gwamnati, awon igiya, dillali, la'ada, diyya, takardar mallaka. Gonar da take ciyar da gida goma sai a ja mata igiya a yanka ta gida-gida, a sayar wa ma'aikaci ko ɗan kasuwa daga wani gari. Kuɗin kan zo a dunƙule, irin wanda mai gonar bai taɓa riƙewa ba. A yi aure, a biya kujerar Makka, a saya wa yaro babur ya yi acaɓa, a yi rufin kwano. Duk buƙatu ne na halal, ba na zargin kowa. Sai dai babur na tsufa, fulotin kuwa bayan 'yan shekaru wanda ya saya ya sayar da ninkin abin da ya biya, tsohon mai gonar na wucewa ta gaban katangar.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen karɓar ƙasa don aikin gwamnati. Dokar 1978 ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da take biya shi ne gini da amfanin gona da itatuwan da ke kai. Wato manomin da gonarsa ta faɗa cikin taswirar sabuwar unguwa ana lissafa masa gero da dabino, alhali abin da ya rasa shi ne wurin da 'ya'yansa da jikokinsa za su ci abinci, kuma wurin da darajarsa za ta ninka da zarar an zuba kwalta. Ribar zama hedikwata ta fi tafiya ga wanda ya zo da kuɗi da sanin ofis, ba ga wanda aka tarar a wurin ba. Mata kuwa, waɗanda rabonsu na gado sau da yawa ke hannun 'yan'uwa maza "ana riƙe musu", su ne kan ji labarin ciniki bayan an gama. Ga dabinon da aka san Dutse da shi, har akwai tashar bincike a kansa a garin, ana sare shi don a fitar da harsashin gini.

Tafiyar ma da ta yi sauƙi ta sake tsada tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023. Titin na nan, amma talaka na lissafi kafin ya shiga mota.

Yanzu ga wata hanyar tafe. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, yana da reshe zuwa Dutse. Jirgin da ya kauce wa garin a 1930 zai zo, kuma duk inda aka kafa tasha dillalai za su riga kowa isa. Ina kira ga gwamnatin Jigawa da Masarautar Dutse: duk gonar da za a karɓa daga yau, a ware wa mai ita fulotai a cikinta da takarda da sunansa, ban da kuɗin diyya, kuma kada dagaci ko mai unguwa ya sa hannu a cinikin gonar gado sai mata magada sun zo sun faɗi amincewarsu da bakinsu.