Daga Isnadi zuwa Lambar Shafi: Tarihin Jingina Magana ga Mai Ita

Ɗalibin da ke fama da ƙa'idojin rubuta manazarta yakan ɗauka cewa baƙon abu ne da jami'o'in Turai suka ɗora mana. Siffar da ake bi a yau, ta ambaton juzu'i da shafi da shekarar bugu, lalle sabuwa ce. Amma tambayar da ke ƙarƙashinta, wato "daga wa ka ji?", malaman Musulunci sun yi ƙarnoni suna tace ta.

Imamu Muslim ya kawo a muƙaddimar Sahihinsa bayanin Ibn Sirin (ya rasu 110 BH) cewa ba a tsananta tambayar isnadi ba sai bayan aukuwar fitina. A wancan zamani mutum shi ne madogara. Saboda haka lafazin karɓa ya zama abin kiyayewa: da yawa daga malamai sun keɓe "haddasana" ga abin da aka ji daga bakin malami, "akhbarana" kuwa ga abin da aka karanta a gabansa. Ramahurmuzi a Almuhaddisul Fasil, da Khaɗibul Bagdadi (463 BH) a Alkifaya, da Alƙali Iyal (544 BH) a Al'ilma'u duk sun yi wa fannin hidima, har Ibnus Salah (643 BH) ya jera hanyoyin ɗaukar hadisi guda takwas.

Ta ƙarshe a jerin, wato wijada, ita ta fi shafar mu. Ma'anarta mutum ya tsinci magana a rubuce ba tare da ya ji ta daga mai ita ba, ba kuma tare da ijaza ba. An yarje masa ya ce ya samu da rubutun hannun wane, an hana shi lafazin da zai nuna ya ji. Idan bai tabbatar da ingancin kwafin ba, dole lafazinsa ya bayyana hakan. Kusan duk abin da mai bincike ke naƙaltowa a yau wijada ce, hanyar da magabata suka ajiye a ƙarshen sahu, kuma suka fi ɗaure ta da sharuɗɗa.

Da manyan littattafan hadisi suka kafu, sai jingina ta koma daga mutum zuwa littafi. Bagawi (516 BH) ya cire isnadai a Masabihus Sunna, aka yi masa suka, Tibrizi ya zo a Mishkatul Masabih ya ambaci sahabi da littafin da ya fitar da hadisin. Mizzi (742 BH) a Tuhfatul Ashraf ya yi aiki da haruffa a matsayin alamu, kha'un ga Bukhari, mimun ga Muslim, Suyuɗi (911 BH) kuma ya faɗaɗa su a Aljami'us Sagir. Shi ne dai ya jera littattafan da ya dogara da su a farkon Al'itƙan, ya kuma rubuta risala sukutum kan bambancin mawallafi da ɓarawo. Kalmar "intaha" tana rufe naƙali, "ƙultu" tana buɗe ra'ayin marubuci. Wannan salo ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi a Ihya'us Sunna, inda yake ambaton Madkhal na Ibnul Hajji da suna.

Ba sa ambaton shafi, domin kwafin hannu biyu da wuya shafukansu su daidaita. Kitabi da babi su ne adireshin da ba ya sauyawa. Maɗaba'a ce ta haifi lambar shafi. Bugun Sahihul Bukhari na Bulaƙ, wanda Sarkin Musulmi Abdulhamid na Biyu ya yi umarni da shi a 1311 BH bisa kwafin Yunini, ya zama abin komawa. A 1936 aka fara fitar da Almu'ujamul Mufaharas na Wensinck a Leiden, sannan Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi ya lambata hadisai: 7563 a Bukhari, 3033 a Muslim ban da maimaici. Wasu bugunan Muslim suna ƙirga maimaicin, sai adadin ya haura 7000, lamba ɗaya ta koma nuna hadisai biyu mabambanta. Ko ayoyin Alƙur'ani ba su tsira daga wannan ba: mus'hafin Alƙahira na 1924 ya bi ƙidayar Kufa, ayoyi 6236, alhali yawancin mus'hafan Warshu suna bin ƙidayar Madina ta ƙarshe, 6214.

A ganina nan ne rauninmu yake. Lambar shafi mallakar bugu ce, kitabi da babi mallakar littafin ne, ɗalibai kuwa sun riƙe ta farko sun saki ta biyu. Sau da yawa ma lambar daga Maktaba Shamila aka kwaso ta, ba a gwada ta da bugun takarda ba. Abin da ya fi wannan muni shi ne a ga magana a littafin wani na zamani, a tsallake shi a jingina ta kai tsaye ga Fathul Bari kamar an buɗe shi. Malaman hadisi suna da suna ga mai ɓoye wasiɗa don ya nuna ya ji abin da bai ji ba: mudallisi. Gyaran bai wuce a rubuta kitabi da babi da lamba da bugu tare ba, inda kuma ba a ga asali da ido ba a ce "naƙalan daga wane".