Daga Gwarzo Zuwa Duwatsun Ningi

'Yan uwana mata, bikin ɗiyar ƙanin maigidana ne ya kai mu Ningi. Da asuba muka bar Gwarzo, muka biya Kabo muka ɗauki surukata Inna, muka ratsa Kano, muka haye gadar Wudil, sai Birnin Kudu. Daga nan fa duwatsu suka fara tasowa, wani kan wani, yara sai ihun murna suke ta taga. Inna kuwa ta yi tsit tana jan carbi. Asalinta 'yar ƙasar Rano ce, aure ya kai ta Kabo. Da na matsa mata sai ta ce, "Ke dai bari. Daga gona aka ɗauke yayar kakata aka yo nan da ita, har yau shiru."

Ga yadda abin ya faro. Wajen 1846 wani malami, Malam Hamza na Tsakuwa, ya ƙi biyan kuɗin ƙasa ga masarautar Kano. Ya kwashi mutanensa ya shige waɗannan duwatsu, wurin Butawa da Warjawa da Fa'awa, waɗanda su ma harin bayi ya ishe su. Suka haɗa kai. To doki ba ya hawan dutse, rundunar Kano ta yi ta zuwa tana komawa. Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau mulki a 1855, ya sha yaƙarsu, bai ga bayansu ba. Ningawa su sauko su auka wa ƙauyukan kudancin Kano, su kora mata da yara; Kanawa in sun samu sa'a su rama. Haka aka yi ta yi sama da shekara 50, har zuwan Turawa.

Sunan sarakuna da jarumai duk yana rubuce. Amma ita wadda aka ɗauke a gona fa? Wallahi ko Inna ba ta riƙe sunanta ba. Don Allah, mai tsohuwa a gida ta zauna ta tambaye ta tun tana raye, ta rubuta.

Da la'asar muka isa, aka tarye mu da guɗa. Ina lura da Inna, fuskokin tsofaffin gidan take bi da kallo ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya jiƙan magabata, amin.