Istrojin, Motsi da Ƙiba: Abin da Sikeli Ba Ya Nunawa

Mace takan daina al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, lokacin da sinadarin istrojin ke raguwa a jikinta, kuma a daidai nan ne mata da yawa ke kukan ƙiba. Wasu sukan ɗora laifin a kan raguwar sinadarin, wasu kuma su guji maganin da ke maye gurbinsa don tsoron zai ƙara musu jiki. A ganina ɓangarorin biyu sun dogara da shaidan da bai ga komai ba, wato sikeli. Binciken SWAN, wanda ya bi mata sama da 3,000 a Amurka tun 1996, ya gano cewa da zarar al'ada ta fara ɗaukewa, saurin taruwar kitse yakan ninka, tsoka kuma ta riƙa zubewa, amma hawan nauyi bai sauya taki ba. Kitsen ma yakan yi ƙaura daga cinya da ɗuwawu ya koma ciki, ya kewaye hanji da hanta, inda ya fi jawo ciwon suga da na zuciya. Shi ya sa tela, da igiyar awonsa a ƙugu, kan riga sikeli sanin abin da ya faru.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne alaƙar istrojin da sha'awar motsi. Tun 1923 G. H. Wang ya lura a Jami'ar Johns Hopkins cewa macen ɓera tana ƙara gudu a kan ƙaramar tayar kejinta duk bayan kwana huɗu, daidai da zagayen jikinta. Idan aka cire mata ma'ajiyar ƙwai sai ta lafe, in an ba ta istrojin ta sake zabura. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko sun nuna rukunin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da sinadarin ke zungura har motsin ya tashi. Za a ce ɓera ba mace ba ce, kuma gaskiya ne: shaidar cewa maganin yana sa mata yawan motsi ba ta kai wannan ƙarfi ba. Amma matar da gumin dare ya hana barci, ta wayi gari gaɓoɓi na ciwo, zalunci ne a kira ta malalaciya.

Shi kuwa maganin, ba ya sa ƙiba. A gwajin PEPI da aka yi da mata 875 tsawon shekara uku, waɗanda suka sha istrojin sun ƙara nauyin da ya gaza na waɗanda aka ba ƙwayar da ba magani a cikinta da kusan kilo ɗaya. Sai dai kilo ɗaya bai isa a mai da shi maganin rage teɓa ba, balle da yake a 2002 an dakatar da wani babban gwajin WHI mai mata 16,608, saboda haɗin istrojin da furojestin ya ƙara haɗarin sankarar mama, daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Matsakaicin shekarun matan 63 ne, don haka bai kamata a tsorata mai shekara 50 da sakamakon kai tsaye ba. Duk da haka, hukuncin sha na likita ne, bisa tsananin alamomin da tarihin lafiyar mace. Wadda ta kai wannan mataki ta auna ƙugunta, ta riƙe tafiyar ƙafa da aikin da ke ƙarfafa tsoka, ko tana shan maganin ko ba ta sha.