Jarida da Mai Ɗaukar Nauyinta: Waiwaye a kan Tarihin Gaskiya Ta Fi Kwabo

Manufar wannan maƙala ita ce a duba tarihin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fuskar kuɗi da iko, wato wa ya ɗauki nauyinta, kuma me wannan ya jawo mata. Masu nazari sun fi mai da hankali ga daɗin Hausarta, alhali takarda da tawada da albashin ma'aikata su ne suka shata mata iyaka.

An fara buga jaridar a Zariya cikin watan Janairu na 1939, a ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta Rupert East ke shugabanta, kuma Malam Abubakar Imam ne editanta na Hausa. Ana sayar da ita kwabo ɗaya. Amma masu karatun boko a Arewa kaɗan ne a lokacin, 'yan kasuwar da za su biya kuɗin talla ma haka. Saboda haka ciniki bai isa ya riƙe ta ba, sai da tallafin gwamnatin mulkin mallaka, wadda ke neman hanyar kashe jita-jita yayin da yaƙin duniya na biyu ke ƙaratowa. Hukumomin En'e kuma suka zama hanyar rarraba ta cikin larduna.

A nan ne bambancinta da jaridun Kudu ya fito fili. Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot a Ikko a 1937 a matsayin kasuwanci, masu saye da masu talla ne ke riƙe da ita, don haka ta iya sukar Turawa kai tsaye. Gaskiya kuwa, ko da yake Imam ya buɗe filin wasiƙu inda masu karatu ke kawo kukansu, tilas ta yi taka-tsantsan da Razdan da sarakuna. Shi ya sa 'yan NEPU suka fi samun bakin magana a jaridar Comet ta Azikiwe, wadda aka mayar Kano a 1949.

Sauye-sauyen da suka biyo baya ba su raba ta da gwamnati ba. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya da kuɗin hukuma. A 1966 gwamnatin Jihar Arewa ta fara buga New Nigerian a Kaduna, Gaskiya ta koma ƙarƙashin kamfaninta. A 1975 gwamnatin soja ta Tarayya ta karɓe kamfanin, daga baya aka mayar da shi ga jihohin Arewa 19. Da jihohin suka yi sakaci da biyan kuɗi, bashi ya taru, jaridar ta daina fitowa a kai a kai bayan shekara ta 2010.

A taƙaice, tallafin hukuma ne ya ba Hausa jarida tun kafin kasuwa ta iya ɗaukar nauyinta, shi ne kuma ya hana ta koyon tsayawa da ƙafarta. Jaridar Aminiya, wadda kamfani mai zaman kansa ya fara bugawa a 2006, ta bi hanyar ciniki da talla. Sai dai manyan masu talla a Arewa, har ila yau, gwamnatoci ne da 'yan siyasa. Duk mai son nazarin jaridun Hausa, ya kamata ya fara da tambayar wa ke biyan kuɗin bugu.