Daga Daji Zuwa Lungu: Tarihin Labaran Ban Tsoro a Karatun Matasa, Waiwaye Daga Bauchi

A tatsuniyoyin Hausa, Dodo a daji yake zaune, ko a bakin rafi. Yarinyar da ta ƙi jin maganar iyaye sai ta bar gari kafin ta gamu da shi. Ganuwa ita ce iyakar tsoro, kuma a birni irin Bauchi, wanda Malam Yakubu ya kafa a farkon ƙarni na 19, yaro ya san cewa daga ƙofar Wunti ko ƙofar Ran zuwa ciki gida ne.

Ƙagaggun labarai na farko sun gaji wannan tsari. A gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, Bello Kagara ya kai Ganɗoki ƙasashen aljanu, Abubakar Imam kuma ya tura jarumin Ruwan Bagaja ƙarshen duniya neman ruwan. Littafin da ya fito daga Bauchi ne ya bi wata hanya dabam. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda yake koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi a lokacin, ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a 1934. Duhun da ke cikinsa na 'yan Adam ne: satar yaro, cinikin bayi, da uwa mai ratsa Sahara tana neman ɗanta. A ganinmu, babu aljanin Ganɗoki da ya kai wannan ban tsoro, sai dai an saba koyar da shi a matsayin labarin haƙuri da tarihi kawai, har ɗalibi ya gama shi gabansa bai faɗi ba.

Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya fito a 1969, sun ci gaba da ajiye abin al'ajabi nesa da gida. Na biyun ma sararin samaniya ya kai yaronsa.

Sauyin ya zo ne bayan birane sun cika sun tumbatsa. Bauchi ta zama hedikwatar jiha a 1976, unguwanni suka tsallake ganuwa, maƙwabci ya zama baƙo. A 1982 Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya nuna wa mai karatu ta'addanci da miyagun ƙwayoyi a Nijeriyar bayan yaƙin basasa. Da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, sai aljani ya shigo gari baki ɗaya. Marubuta irin su Nazir Adam Salih da Maje El-Hajeej sun yi suna da labaran da ke tsuma zuciya, kuma a wannan zango ne kango, ɗakin kwanan ɗalibai, attajiri ɗan ƙungiyar asiri da amaryar da ba mutum ba suka maye gurbin daji da Dodo. Matasa sun karɓe su hannu bibbiyu, ana haya ana ɓoyewa cikin littafin lissafi.

Martanin hukuma tsawatarwa ce. Kano ta kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, a 2007 kuma aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a. Labaran ba su mutu ba. Sun koma waya, ana karanta su a WhatsApp, ana sauraron su a YouTube, inda babu editan da zai duba ƙa'idar rubutu ko shekarun mai karatu.

Shawararmu ga masu tsara manhaja ita ce a zaɓi gutsure biyu ko uku masu tsabta daga waɗannan labarai don ajin ƙaramar sakandare na uku, a karanta su tare da wata tatsuniyar Dodo da babin sace Umar, sannan a nemi ɗalibi ya rubuta nasa labarin, ya kafa shi a unguwarsu, ko Jahun ce ko Nasarawa.